Rijiya Ta Ba Da Ruwa, Guga Ya Hana: Kalambaina Da Sha'anin 'Yan Baya

Ya 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata tambaya da ta daɗe tana jiran amsa daga gare mu, mu kuwa muna ta kauce mata. Wai shin ta yaya wani ɗan ƙaramin gari na maƙeran ƙarfe a ƙasar Suwidin, wanda mutanensa ba su fi kimanin dubu 7 ba, ya iya riƙe kulob ɗin ƙwallon ƙafa fiye da shekara 100, har yana fitar da 'yan wasan da duniya ta san da su, alhali kuwa birnin Sakkwato da kewayensa, da yawan jama'arsa, da jami'o'insa, da katafaren kamfanin siminti a Kalambaina, bai taɓa ɗaukar kofin babbar gasar ƙwallon Nijeriya ko da sau ɗaya ba? Mun san masu saurin baki za su ce ai Turawa sun fi mu kuɗi. Wannan amsar malalata ce, kuma nufinmu a wannan rubutu mu nuna dalilin da ya sa muka ƙi karɓarta.

Za mu kafa hujjarmu a kan 'yan wasa biyu, dukansu 'yan baya, watau masu tsare gida kada abokan karawa su kai ga raga. Mun zaɓi 'yan baya da gangan. Ɗan gaba mai cin ƙwallo yana iya fitowa daga kowane lungu, domin gudu da yanka da ƙarfin ƙafa baiwa ce wadda yaro kan nuna ko a kan jibji yake wasa. Aikin ɗan baya kuwa koyo ne. Tilas a nuna masa inda zai tsaya, da lokacin da zai tari mutum, da lokacin da zai ja da baya, da yadda zai haɗa sahu da 'yan'uwansa uku su tashi tare su koma tare. Ba a koyon wannan sai a hannun malami, a kan fili mai iyaka, shekara da shekaru. Saboda haka duk wanda yake so ya san ko wani gari yana da tsarin ƙwallo ko kuwa taron yara ne kawai ake yi, to ya dubi irin 'yan bayan da garin ke fitarwa.

Na farkonsu shi ne Olof Mellberg. An haife shi a 1977 a yankin Gullspång, wani ƙaramin wuri a tsakiyar Suwidin, kuma a kulob ɗin garinsu ya fara wasa. Daga nan ya koma Degerfors, garin maƙeran ƙarfen da muka ambata, inda ya shiga babbar gasar ƙasarsu a 1996. A 1998 ya koma kulob ɗin AIK na babban birni, daga can sai Racing Santander ta ƙasar Sifen. A 2001 Aston Villa ta Ingila ta saye shi, ya zauna da ita shekara 7, har ya riƙe mata kyaftin. Masoyan Arsenal da ke cika mana kunne a ɗakunan kwana su sani, ranar da aka yi wasan gasa na farko a sabon filinsu na Emirates a watan Agusta na 2006, wannan ɗan bayan ne ya fara jefa ƙwallo a raga, kuma ragarsu ce. Bayan Villa ya yi wa Juventus ta Italiya wasa, da Olympiacos ta Girka, da Villarreal, ya ƙare a Copenhagen a 2014. Ƙasarsa kuwa ya yi mata wasa sau 117, ya je gasar cin kofin duniya sau biyu, a 2002 da 2006, ya je gasar ƙasashen Turai sau huɗu. Mu 'yan Nijeriya muna da dalilin tuna shi, domin yana cikin 'yan bayan Suwidin ranar 7 ga Yuni, 2002, a birnin Kobe na Japan, ranar da Julius Aghahowa ya fara ci ya yi ta alkafura, daga baya Henrik Larsson ya rama ya ƙara, aka tashi 2 da 1, aka nuna mana hanyar gida.

Na biyu ɗanmu ne, Shehu Abdullahi, haifaffen Sakkwato a 1993. Ya yi wasa a Plateau United ta Jos, sannan a Kano Pillars a zamanin da take ɗaukar kofin ƙasa a jere, daga 2012 zuwa 2014. Daga Kano ya tafi Qadsia ta Kuwaiti, sai União da Madeira ta Fotugal, sai Anorthosis a tsibirin Saifurus, sai Bursaspor ta Turkiyya a 2018, sai Omonia, wadda ya ɗauki kofin Saifurus da ita a 2021, sai Levski Sofia ta Bulgeriya, daga bisani ya dawo Kano Pillars. Yana cikin 'yan wasan cikin gida da marigayi Stephen Keshi ya kai Afirka ta Kudu a 2014 suka zo na uku. Yana cikin waɗanda Samson Siasia ya kai wasannin Olamfik na Burazil a 2016, inda suka doke Suwidin da ci 1 da nema, ƙwallon da Sadiq Umar ya ci, suka dawo da lambar tagulla, wadda ita kaɗai ce lambar da Nijeriya ta samo a wasannin na wannan shekara. Da shi aka fara wasan Nijeriya da Kuroshiya a gasar cin kofin duniya ta Rasha a 2018, kuma yana cikin ayarin da ya zo na uku a gasar ƙasashen Afirka a Masar a 2019.

To jama'a, ga mutum biyu, kowanne ya yi wa ƙasarsa aiki, kowanne ya ci abinci da ƙafarsa a ƙasashe da dama. Ba mu ga abin da zai sa mu sunkuyar da kai a kan namu ba. Bambancin yana wuri ɗaya. Mellberg ya hau tsani ne wanda aka riga aka kafa masa matakala: kulob ɗin ƙauye, kulob ɗin garin masana'anta a maƙwabta, kulob ɗin birni, sannan ƙetare. Kafin shi wasu sun hau wannan tsanin, bayansa ma wasu sun hau. Gunnar Nordahl ya yi wasa a Degerfors a shekarun 1940 kafin ya yi suna a Milan, Ralf Edström ɗan garin ne, Ola Toivonen ɗan garin ne, kuma a can Sven-Göran Eriksson ya fara aikin horarwa a 1977, mutumin da daga baya ya horar da Ingila. Shi kuwa namu, a Jos da Kano ya sami fagen da zai nuna kansa. Sakkwato ta haife shi, wasu suka ci moriyarsa. Ina na biyunsa, ina na ukunsa? Nawa ne irinsa da suka taso a Kalambaina da Arkilla da Gidan Igwai da Runjin Sambo, suka yi wasansu ba takalmi har gemu ya fito, babu wanda ya rubuta ko sunansu? Sa'a ce ta ba mu Shehu, ita kuwa sa'a ba a gina gari a kanta.

Mu koma kan batun kuɗi, tunda shi ne mafakar masu neman uzuri. An kafa kulob ɗin Degerfors a 1907, lokacin da Suwidin ba ta kai yadda take yau ba, lokacin da talakawanta ke ƙaura zuwa Amurka neman abinci. Ma'aikatan masana'antar ƙarfe ne ƙashin bayansa. Masana'anta ta ba 'yan wasa aikin yi, gari ya ba da yara da 'yan kallo, ma'aikata suka ba da lokacinsu da gumi. Wannan ɗan kulob ya zo na biyu a gasar ƙasarsu a 1941 da 1963, ya ɗauki kofin ƙalubale a 1993. Haka nan Åtvidaberg, wani ƙaramin garin masana'anta, ya ɗauki kofin Suwidin baki ɗaya a 1972 da 1973. Abin da waɗannan garuruwa suke da shi, watau masana'anta ɗaya babba, da ma'aikata masu albashi, da yara masu kuzari, shi ne fa abin da Kalambaina take da shi.

Kada wani ya ce wannan sai ƙasar Turawa. A nan Nijeriya kamfanin siminti na Binuwai ya riƙe BCC Lions ta Gboko, wadda ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 1989, ta ɗauki kofin zakarun ƙalubale na nahiyar Afirka a 1990 a hannun marigayi Shaibu Amodu, ta kuma ɗauki kofin babbar gasa a 1994. Eagle Cement ta Fatakwal ta ɗauki kofin ƙasa a 1997. Kamfanonin siminti biyu ke nan da sunansu ya shiga tarihin ƙwallon ƙasar nan. Kamfanin Kalambaina ya girme su. An kafa shi a 1962, tun zamanin Sardauna, ya fara aiki a 1967. Dutsen farar ƙasar da ake haƙa a wurin ya yi suna har masana ilmin duwatsu suka raɗa wa shimfiɗar dutsen sunan Kalambaina a cikin littattafansu. A 2018 an buɗe sabon sashe mai iya yin tan miliyan 1.5 a shekara, a 2022 aka buɗe wani mai tan miliyan 3, duka a ƙarƙashin kamfanin BUA. Simintin Kalambaina ya gina gidaje da gadoji daga nan har ƙasar Nijar. Ko mene ne kamfanin ya yi na alheri ta wasu fannoni, abu ɗaya a fili yake: babu kulob mai sunan Kalambaina a cikin manyan kulob na ƙasar nan. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Amma fa mu yi hattara, domin a nan ne masu gajeren tunani za su ce shi ke nan, sai mu rubuta wa kamfani takarda ya kafa mana kulob, mu koma mu kwanta. Tarihi ya riga ya nuna ƙarshen wannan hanya. Leventis United ta Ibadan da Abiola Babes ta Abeokuta sun girgiza ƙasar nan a shekarun 1980, ranar da masu su suka janye hannu sai suka watse kamar ba a yi su ba. BCC Lions ta dusashe sa'ad da al'amuran kamfaninta suka sauya. Åtvidaberg ma ta faɗo daga sama bayan kamfanin Facit ya durƙushe, domin na'urorin lissafi na lantarki sun kashe masa kasuwa. Kulob ɗin da ya rataya a wuyan attajiri ɗaya, ko kamfani ɗaya, ko gwamna ɗaya, ransa yana hannun wannan mutum ɗaya. Wannan ita ce cutar da ke cin yawancin kulob na gwamnatocin jihohi: gwamna ya naɗa shugabanni, gwamna ya sauke su, albashin 'yan wasa ya maƙale wata da watanni, in an yi zaɓe a sake zubi. Wanda ya hau dokin aro, ko tsakar kasuwa aka ce ya sauka tilas ya sauka.

Abin da ya hana Degerfors mutuwa, duk da hawa da saukar da masana'antar garin ta yi, shi ne cewa kulob ɗin na mambobinsa ne. A Suwidin akwai ƙa'idar da ake kira ta kashi 51, wadda ta ce ko da attajiri ya zuba kuɗi a kulob, rinjayen ƙuri'a yana hannun mambobi masu biyan kuɗin shekara. Su ke zaɓen shugabanni, su ake karanta wa lissafin kuɗi a taron shekara, su ke korar wanda ya gaza. Ƙarfinsu ya kai ga cewa sa'ad da manyan gasannin Turai suka rungumi na'urar bidiyo mai taimaka wa alƙalin wasa, mambobin yawancin manyan kulob na Suwidin suka kaɗa ƙuri'ar ƙin ta, har hukumar ƙwallon ƙasar ta ajiye maganar a 2024. Ko mutum yana son na'urar ko ba ya so, darasin a bayyane yake: malamin makaranta da direba da maƙeri, in suka haɗa 'yan kuɗinsu da ƙuri'unsu, hukuma ma sai ta saurara.

A nan ne laifi ya dawo gida. Mu ɗalibai, mu ne muka fi kowa sanin sunan 'yan bayan Chelsea da na Madrid, da kuɗin da aka saye su, da ranar da kwantiraginsu zai ƙare. Kowane ƙarshen mako muna cika gidajen kallo, mu biya kuɗin shiga, mu sayi katin waya don gardama a intanet, wani lokaci har a ba hammata iska saboda kulob ɗin da bai san da zamanmu a duniya ba. Mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa sayen tikiti ya shiga filin wasa na Giginya ya kalli Sokoto United? Mutum nawa ne ya taɓa tara yaran unguwarsu da yamma ya koya musu ko tsayuwar sahu? Muna zagin shugabanni da cewa sun fi son kayan waje, alhali kuwa mu ma sha'awarmu kacokan mun yi odarta daga Landan. Kuɗin da ɗalibin jami'a ke kashewa a gidan kallo a zango ɗaya ya isa ya biya kuɗin zama mamba na kulob ɗin unguwa, har da canji.

Mun ji masu cewa ƙwallo shiririta ce, jihar da ke fama da yaran da ba sa zuwa makaranta da matsalar tsaro ba ta da lokacin tamaula. Muna girmama damuwarsu, amma mun ce sun karanta allon ta baya. Yaro mai shekara 14 da ba shi da abin yi daga la'asar zuwa magariba, wani zai samar masa abin yi, kuma ba lalle ne ya zama mutumin kirki ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kulob mai tsari yana da rajista, yana da lokaci, yana da babba mai tsawatarwa, kuma yana iya kafa sharaɗin cewa wanda bai je aji da safe ba ba zai taɓa ƙwallo da yamma ba. Cikin yara 100 da za su bi ta hannunsa, watakila ɗaya ne zai zama Shehu. Sauran 99 za su fita da lafiyar jiki, da sanin darajar lokaci, da sanin cewa in ka bar wurinka ɗan'uwanka ne zai sha wuya. Wannan tarbiyyar ɗan baya ce, kuma ofisoshinmu sun fi filin wasa bukatarta.

Saboda haka ga abin da muke kira a yi, kuma mun jera shi ne daga wanda ya fi kusa da hannunmu. Na farko, ƙungiyar ɗalibai ta haɗa kai da matasan Kalambaina da ma'aikatan kamfani a kafa kulob na mambobi, mai tsarin mulki a rubuce, mai kuɗin wata-wata wanda lebura zai iya biya, mai taron shekara inda za a karanta lissafi a bainar jama'a, kowane mamba ƙuri'a ɗaya. Na biyu, a fara da yara, 'yan ƙasa da shekara 13 da 15 da 17, a bar maganar sayen manyan 'yan wasa daga wasu jihohi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗaliban da ke karatun koyarwa da na kiwon lafiya suna iya ba da yammaci biyu a mako, kuma wannan ya fi musu amfani bisa zaman hira a bakin shago. Na uku, sai bayan an yi wannan ne za a tunkari kamfani, da takarda a hannu da sunayen mambobi, a nemi abin da ya fi kowa iyawa: fili mai katanga, rijiyar burtsatse don shayar da ciyawa, ɗakin sauya kaya, da albashin masu horarwa biyu ko uku masu takardar shaida. A sa sunansa a riga, a gode masa, amma ƙuri'a ta zauna a hannun jama'a.

Na huɗu ya shafe ku, matasan ma'aikata. Ku ne ke zaune a ofisoshin filaye da na ilmi da na wasanni, ta teburinku fayil ke wucewa. In aka kawo takardar yanka filin wasan makarantar firamare don a yi shaguna, ku tuna cewa a nan ne matakalar farko ta tsanin take, in aka sare ta sauran ba su da amfani. Ku farfaɗo da gasar makarantu, ku ajiye rajistar haihuwa da ta wasa yadda ya kamata, domin kada yaronmu ya je gwaji a yi masa kallon mai rage shekaru. Na biyar, tsofaffin 'yan wasanmu da suka ga duniya, a nemi iliminsu tun suna da ƙarfi. Mellberg da ya ajiye takalmi ya koma horarwa, ya kama Brommapojkarna, kulob ɗin da aka sani da renon yara, ya hau da ita daga mataki na uku zuwa na ɗaya. Namu ma suna da abin koyarwa, in an ba su fili da mutunci, maimakon a riƙa gayyatarsu ranar buki kawai don a ɗauki hoto.

Wanda ke shakkar ko ƙaramin gari zai iya, ya dubi Ikenne ta Jihar Ogun, inda Remo Stars, da makarantar renon yaranta, ta ɗauki kofin Nijeriya a 2025, ta bar manyan birane suna kallo. Ba a fafe gora ranar tafiya. In muna so nan da shekara 10 a ji sunan ɗan Kalambaina a bayan Super Eagles, kuma a ji na ƙaninsa bayansa, to yau ne za a buɗe littafin rajista, kuma sunayenmu ne ya kamata su fara shiga. Shugabannin ƙungiyar ɗalibai su sa wannan batu a ajandar taron majalisa mai zuwa, mu kuwa mu zo da kuɗin rajistarmu a aljihu. Kunne ya ji, jiki ya tsira.